Kunkurun Surukina

Ranar wata Asabar ce, da hantsi, a ƙarshen bazara, 'yan shekaru kafin Turawa su bar mulki. Wurin kuwa bargar dawakin surukina ce a Karare, cikin ƙasar Batsari, wato filin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Waɗanda ke nan su ne shi surukin nawa, wanda nake kira Baba, da mahaifiyarsa Iya Ladi, tana zaune a gindin katanga tana kaɗi, da taubashinsa Tanimu mahauci, da maƙwabta da suka cika zaure suna leƙowa. Sai ni a durƙushe cikin kakin En'e, takalmana suna waje. A tsakiyarmu akwai kunkuru, girmansa ya kai babban akushi, an ɗaure shi a turken doki.

Baba bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Haka suruki da suruki suke yi. Ya fuskanci Tanimu ya ce, "A gaya wa Malam, tun da aka kawo shi gidan nan bai sa komai a bakinshi ba."

Tanimu, wanda a wasan taubasai yake kiran Baba bawansa, ya juyo gare ni. "Ka ji, likita. Baƙon bawana ya ƙi tuwon gida."

Kafin in ci gaba, ya kamata a san aikina. Ni malamin dabbobi ne, wanda mutanen ƙauye ke kira malamin allura. Mazaunina Safana, amma yawancin shekara ina sansanin allurar shanu a bakin dajin Runka. Samarin da ke wannan aiki yanzu sukan zo gaishe ni a kan babur, kuma daga hirarsu na fahimci suna ganin abin ba shi da wuya: ka soka, ka danna, ka zare. Wannan shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, kuma shi ne na ƙarshe da aka koya mana.

Aikin farko da maigidana Malam Iro ya ba ni shi ne tafasa allurai. Sirinjinmu na ƙarfe ne da gilashi, ana kwance shi gaɓa gaɓa a dafa a tukunya kafin rana ta fito. Allura idan ta dakushe ba a yar da ita, ana wasa ta a kan ɗan dutse mai laushi, a gwada tsininta a farce. Kwalaben magani a cikin jiƙaƙƙen buhu muke naɗe su, mu rataye a inuwa, kuma wanda ya bari buhun ya bushe ya ɓata aikin sansani gaba ɗaya. Akwai igiya, akwai ƙarfen lamba da ake ɗora wa saniyar da aka yi wa allura, akwai ma'aunin zafi da nake ajiyewa cikin ɗan bututun gora a aljihun gaba. Bayan tafasa sai kamu: yadda za ka zagaya igiya a ƙirjin bijimi da kwankwasonsa, ka ja, ya kwanta ba tare da ya karye ko ya karya ka ba.

Masu shanun su ma sai an koye su. Bafulatani ba ya son a nuna garkensa da yatsa, kuma a lokacin duk mai kaki a wurinsa ɗan jangali ne. In ka isa ruga ka fito da sirinji kafin ka gama gaisuwa, gobe za ka tarar da toka da kashin shanu kawai. Sai ka zauna da arɗo, ka tambayi lafiyar mutane, da ta shanu, da ta ruwa, ka sha nonon da aka miƙo maka, ka bar shi da kansa ya kawo zancen bushiya, annobar shanun da muke yi wa allura.

Akwai wani sa da wani mai unguwa ya sayo, wanda har yau nake ba da misali da shi. Lafiyayye ne, amma da aka kawo shi Safana ya ƙi dusa, ya ƙi harawa. Mai shi ya nace a yi allura. Malam Iro ya zagaya san, ya duba ido da hanci da kashi, sai ya sa aka mai da shi bayan gida, aka ajiye masa ruwa da ciyawa, aka kori yara da 'yan kallo. Ya ce da ni, "Dabbar da ke cikin tsoro ba ta jin yunwa. Ka fara cire tsoron, yunwar za ta zo da kanta." Washegari aka tarar san ya cinye ciyawar.

Game da kunkuru, ba a koya mana komai ba a makarantar horo. Abin da na sani na gani ne a dajin Runka. Na ga ramukansu a gindin sabara, masu zurfi, a karkace. Na ga suna shigewa idan rana ta yi zafi, wani lokaci duk tsawon rani ba a ganin su. Idan aka yi ruwan farko sai su fito da sassafe su yi kiwo kamar tumaki, suna tsinkar ɗanyar ciyawa. Ban taɓa ganin kunkuru yana cin hatsi ba, ban kuma taɓa ganin ya ci komai alhali mutum yana tsaye a kansa ba.

Shi kuwa Baba sana'arsa kiwon dawaki. Daga Batsari, daga Safana, daga ƙauyukan da ke tsakani, ana kawo masa doki ramamme, haƙarƙari a waje, bayan wata biyu ko uku ya mayar da shi yana ƙyalli. Abin da ya yi suna a kai shi ne ɗura. Yakan jiƙa gero, a niƙa da kanwa, ya dunƙula, ya kama harshen doki da hannun hagu, ya tura da na dama. Dokin da ya ƙi cin abinci a hannun kowa yakan ci a hannunsa. Wannan ya gada daga ubansa, kuma da shi ake gabatar da shi a kasuwa.

Daminar da ta gabata ita ce muguwar shekara. Wani ciwo ya faɗo wa dawaki: saman ido ya kumbura, kumfa ta fito ta hanci, kafin a farga doki ya faɗi. Duk abin da ke bargar Baba, nasa da na amana, ya mutu. Ya aika a kira ni, na zo a kan keke da akwatina, kuma babu maganin wannan ciwo a cikinsa. Abin da na yi shi ne na taya jan gawa zuwa rami, sannan bisa umarnin ofis na sa aka ƙone rumfar bargar. Tun daga nan ba a sake kawo masa doki ba.

Shi ya sa da wani maharbi ya kawo kunkuru kasuwar Batsari, kuma dattawa suka ce gidan da ke da kunkuru bakin mutane ba ya kama shi, Baba ya saya. A daidai lokacin wani fatken goro na Safana ya yi alkawarin kawo dokinsa kiwo, na farko tun bayan annobar. Sai kunkurun ya ƙi ci. Magana ta zagaya gari, kuma gajeriya ce: wanda ya kasa ciyar da kunkuru, wa zai ba shi doki?

To daga inda nake durƙushe a wannan hantsin na duba dabbar. An huda gefen ƙoƙon bayanta da ƙarfe mai zafi, an zura igiyar rama. Ƙasar da ke kewaye da turken ta zama zobe, alamar ya yi ta zagaye iyakar tsawon igiyar har ya gaji ya daina. Ƙoƙon yana ƙyalli, domin kowace safiya Baba yana wanke shi ya shafe da man shanu, yadda yake wa doki. Inuwa babu, tunda rumfar mun ƙone ta. A gabansa an jera dusa, da gero, da tuwo, da fura. Kansa da ƙafafunsa duk suna ciki.

Ban buƙaci akwati ba. Kunkurun ba shi da wani ciwo sai rana, da ƙishirwa, da hannu.

Baba ya ce da Tanimu, "A gaya wa Malam ya riƙe mini shi, tunda shi ya san kamun dabba. Yau zan ƙara gwada ɗura."

Na matsa na riƙe. Na ɗaga shi tsaye a kan cinyata, na ji bai kai nauyin da ya kamata ba. Tanimu ya janye ƙafafun gaba da ƙarfi, kai ya ɗan fito, na ga idanun sun zurma. Baba ya danna gefen muƙamuƙin da babban yatsa, da gwaninta, ya zura ɗan ƙahon akuya da aka huda, ya tsiyaya kunun kanwa. Rabi ya zube a hannuna. Rabi ya dawo ta hancin dabbar yana kumfa. Sai kunkurun ya saki ruwan cikinsa gaba ɗaya a kan wandon kakina.

Zaure ya ɗauki dariya. Tanimu ya ce, "To, ya sallami likita tun kafin a gama aiki."

Su abin dariya suka gani. Wannan ruwan kuwa shi ne ajiyarsa ta rani, kuma duk lokacin da aka ɗaga shi ya tsorata sai ya zubar. Kunun da ya bi ta hanci zai iya sauka huhu. In aka ƙara yin haka sau biyu ko uku, zai mutu a turken, a gaban garin da ke jira ya gani.

Baba ya goge hannunsa. "A tambayi Malam, wace allura za a yi mishi?"

Na amsa wa ƙasa. "Sai na ƙara dubawa, Baba."

Na zaro ma'aunin zafi daga bututunsa, na dube shi, na mayar. Babu inda zan sa shi, kuma babu abin da zai gaya mini.

Yaran yanzu za su ce, me ya hana ka faɗa? Ga abin da ya hana. Mutumin da ya ba ka 'yarsa ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi, in kun haɗu a hanya kai ne mai ratsewa ka durƙusa. Ba ka ce masa ya yi kuskure ko da a kan lokacin shuka ne, balle a kan sana'ar da ya gada, a cikin bargarsa, maƙwabta suna ji. A makaranta an koya mana yadda ake gaya wa hakimi a rufe kasuwar shanu. Ba a koya mana wannan ba.

Da azahar Iya Ladi ta aiko a kira ni ɗakinta. Ita kakar matata ce, saboda haka tsakanina da ita wasa ne.

"Shigo, angona," in ji ta. "Ka zo da wando jiƙe kamar yaron goye. Zauna ka ci, nan ba mai ganinka."

Na ci. Ta bar ni na kusa ƙoshi sannan ta ce, "Na ga ka hiddo sandar gilashin nan ka maida. Ka san ciwon, ko?"

"Na sani, Iya."

"Mi ne ne?"

Na gaya mata duka: a kwance igiya, a daina wanki da mai, a daina ɗura, a ba shi rami da inuwa da ruwa, kowa ya rabu da shi, musamman mai shi.

Ta ajiye mazarinta. "To tashi ka hwaɗa mishi."

"Da wane bakin, Iya?"

"Ni kuma da wane? Ɗan farina ne. Tun da na haihe shi ban taɓa kiran sunanshi ba. Yanzu da hurhura a kanshi zan hwara da cewa hannunshi ne ke kashe dabba?"

"Ko ta wajen matansa?"

"Su da ko ɗaga murya ba su yi in yana gida? Kai dai, angona, ilmin boko bai ƙara maka wayo ba." Sannan ta ce, "Saura Tanimu. Ɗan wana ne, shi ɗai ke iya taka mishi rawani a zauna lahiya."

Aka kira Tanimu. Ya shigo yana sakace, ya saurara har ƙarshe. Na roƙe shi abu biyu: ya faɗa masa su biyu kawai, kuma ya faɗa kamar tunaninsa ne, kada sunana ya fito.

"Ka bar mini," ya ce. "Ni na san yadda ake ba bawana magani. In ka ba shi a ɓoye, tofarwa yake yi."

Ban gane abin da yake nufi ba sai bayan la'asar. An idar da salla, mutane suna zazzaune a ƙofar masallaci, har da fatken goron nan na Safana, wanda ya ratso daga Batsari don ya ga bargar da idonsa. Ni ina can gefe, bayan sahun dattawa. Tanimu ya miƙe ya gyara murya kamar sanƙira.

"Jama'a, albishirinku. Likitan Gwamnati ya gano ciwon kunkuru."

Aka ce, "Madalla. Mene ne?"

"Ga shi nan zaune da rawani." Ya nuna Baba, ya kira sunansa gatsal. "Likita ya ce kunkuru ba doki ba ne. Ya ce wanga bawa nawa ya ɗaure shi a rana, ya shahe shi da mai kamar amarya, yana ɗura mishi kunu ta hanci. Ya ce maganin guda ne: a kwance kunkurun, a ɗaure mai shi a turken."

Aka yi dariya mai yawa. Fatken ma ya yi. Al'ada ba ta yarda mutum ya yi fushi da taubashinsa ba, saboda haka Baba ma ya yi dariya, ya ce, "Mahaucin banza, wanda bai san dabba ba sai ta mutu." Aka ƙara dariya. Da ta lafa, sai ya juyo. Tun da na auri 'yarsa, in ban da amsa gaisuwa, wannan ne karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin wani ba.

"Malam, haka ne?"

"Baba, ba haka na faɗa ba."

"Na san bakin Tanimu. Amma haka ne?"

Na dubi tabarmar da ke gabana.

"Haka ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro 'yar wuƙar da yake yankan igiyar dabaibayi da ita daga ɗamararsa, ya miƙa wa na kusa da shi, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har ta iso gare ni. Ya ce, "Gidan gidanku ne. Ku yi yadda ilmi ya ce." Ya tashi ya shiga gida.

Ban ɗauki Tanimu da mugunta ba. A ganinsa, magana mai ɗaci in an faɗe ta cikin wasa a gaban jama'a, mutum yana iya haɗiye ta ba tare da an ce an ci masa fuska ba. Tsakanin taubasai haka ne. Abin da bai lissafa ba shi ne ya sa sunana a ciki, kuma akwai mai doki a zaune.

Aikin kansa ba shi da yawa, zan faɗe shi dalla-dalla domin wanda aka kawo wa irinsa. Na yanke igiyar na zare ta daga hudar. Na wanke man shanun da ruwa zalla da tsumma. Na samo faffaɗan kasko na zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, iyakar haɓarsa, yadda ba zai nutse ba, na sa shi a ciki a inuwa, na koma nesa na juya masa baya. An jima na ji motsi. Da na saci kallo, ya fito da kai ya nutsa baki da hanci a ruwan, maƙogwaronsa yana motsi. Ya daɗe yana sha.

Daga nan na zaɓi wuri a bayan rumbuna, inda ba hanyar kowa ba ce, rana tana taɓawa da safe, inuwa ta rufe da rana tsaka. Na haƙa rami a karkace, tsawon hannu, na rufa bakinsa da itace da tsohuwar zana, na bi da ƙasa. Na binne kaskon ruwa daidai da ƙasa don ya iya shiga ya fita. Na kewaye wurin da zana. Abinci kuwa na kwashe hatsi da tuwo gaba ɗaya. Na tsinko yaɗiya, da 'yar ɗanyar ciyawar da ke fitowa a bakin rijiya, da furen kabewar da ruwan wanka ke rayawa a bayan ɗakin Iya Ladi, domin na lura a daji abu mai launi yana jan idonsu. Na zuba a kan faifai kusa da bakin ramin. Na ɗauko kunkurun ƙasa-ƙasa, a kwance yadda yake tafiya, na ajiye. Ya shige ramin bai waiwayo ba.

Abu na ƙarshe, na watsa rairayi mai laushi tsakanin ramin da faifan, na share shi sumul da tafin hannu. Da wannan za a san ko ya fito, ba sai an tsaya a kansa ba.

Na bar wa Iya Ladi ƙa'ida, tunda ita ce mai tashi da wuri: kowace safiya a canja ganye da ruwa, a share rairayi, a fita. Ba ɗagawa, ba ƙwanƙwasa ƙoƙo, ba leƙa rami, ba kai baƙi kallo. Ta ce, "Shi kuma mai gidan?" Na ce ƙa'idar ta kowa ce. Ta ce, "To, ka hana mutum bayan rumbunshi. Allah shi kyauta."

Na koma Runka da yamma ban yi sallama da Baba ba, domin bai fito ba. Muna tsakiyar allurar bushiya, shanu suna shigowa kafin su watse da damina, amma duk ranar da aiki ya yi sauƙi nakan hau keke in je Karare in dawo. Zuwan farko rairayi sumul, ganye ya yanƙwane yadda aka ajiye. Zuwa na biyu akwai sawu daga rami zuwa kasko, da komawa, faifai ba a taɓa ba. Na ce wa Iya Ladi wannan ci gaba ne. Ta ce mutanen gari ba sawu suke tambaya ba.

A duk zuwan nan nakan wuce ta barga. Baba yana zaune a kan buzu kusa da turakun da babu komai, yana tufka igiya. Nakan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa da kyau, yadda ya saba, ya tambayi mutanen gida. Bai tambaye ni kunkuru ba ko sau ɗaya. Iya Ladi ta gaya mini bai taka bayan rumbunan ba, kuma har yanzu kowace safiya yana jiƙa gero, sai ya tuna, ya ba kaji.

Sai aka yi ruwan farko. Washegari na bar sansani bayan asuba, na iso Karare rana tana ɗagowa, laka ta cika tayoyin keke. Ban bi ta zaure ba, na zagaya ta ƙofar garka don kada in tayar da mutane. Da na kusa zanar sai na ga Baba. Yana tsugune a ɗaya kusurwar, ba rawani, ya sa ido a wata 'yar kafa. Juyawa ba ta yiwuwa, ya riga ya ji takuna. Na tsuguna a tawa kusurwar, na sami kafa na leƙa.

Kunkurun yana waje. Ya miƙa wuya iyakar tsawonsa, ya taka furen kabewa da ƙafar gaba, ya ciza, ya ja. Ana jin ƙarar tsinkewar. Ya haɗiye, ya tsaya, ya ƙara. Ya gama da furen ya koma kan yaɗiya. Muka yi ta kallo, ni da surukina, zana ɗaya a gabanmu, ba wanda ya motsa, har ya cinye rabin faifan ya juya ya shiga kasko.

Baba ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Bai dubi inda nake ba. Ya ce, kamar da zanar yake magana, "Alhamdu lillahi. Ya ci." Ya ɗan tsaya. "Ba a hannuna ba."

Na ce, "Baba, a gidanka ya ci."

Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma yadda aka ba da shi shi ne surukin nan mai kaki ya ciyar da abin da ya gagari mai dawaki. A ƙofar masallaci na ce ruwan sama ne ya fito da shi, kuma gaskiya ne, amma ba wanda ya ɗauka. Tanimu ya yi ta cewa shi ne likitan, a ba shi tukuici. Shi ma ba a ɗauka ba.

Fatken goron ya kai dokinsa wurin wani mai kiwo a Tsaskiya. Da damina ta zauna, Baba ya tumɓuke turakun bargar, ya shuka gyaɗa a wurin, kuma da noma ya ƙarasa rayuwarsa. Kunkurun ya faɗaɗa ramin da kansa har ƙarƙashin rumbu. Yana nan a gidan har yanzu, jikokin Baba ne ke zuba masa ganye.